Daga Ƙwarya Zuwa Bido: Tarihin Kayan Ɗakinmu

 

Ɗan'uwa, kafin mu shiga magana, ɗauki bik ɗin da kake rubutu da shi. In irin mai jiki garau ne, ƙirga gefensa. Za ka samu shida. Ajiye shi bisa allo, ka ɗan karkata allon. Ka ga bai gangara ba. Da sumul yake kamar karan dawa, da tuni ya mirgina ya faɗi. Dubi jikinsa kuma. Kana hango tawada a ciki, ka san ta kusa ƙarewa ko da saura. Nemi wata ƴar huda a tsakiyarsa. Ta nan iska ke shiga, don tawada ta sauko daidai, kada ta yi yoyo. Hudar da ke kan murfi kuwa, an ƙara ta a 1991, saboda in yaro ya haɗiye murfin ya samu hanyar numfashi.

Duk wannan ba haka kawai ya faɗo ba. Mutane ne suka zauna suka yi tunani. Wani Bafaranshe mai suna Marcel Bich ya fito da wannan alƙalami a 1950, kusa da birnin Paris. Sunansa ne muke kira in mun ce bik. Ƴan'uwanmu na Najeriya suna cewa biro, su kuma sunan wani ɗan jarida ne na ƙasar Hangari, Laszlo Biro, wanda ya ƙera alƙalami mai ƴar ƙwallo a baki, a 1938. Kafin shekarar 2006 ta ƙare, an sayar da bik miliyar 100. Har an ajiye ɗaya a wani babban gidan adana kayan fasaha a Amurka, kamar yadda muke ajiye kayan tarihi a gidan kallo na Yamai.

To, yau maganarmu ke nan. Wa ya tsara fasalin kayan da muke aiki da su kullum? Me ya sa wannan ya zauna, wancan ya ɓace? Mu tafi Bangi, cikin ƙasar Madawa, mu yi sallama a ɗakin wata tsohuwa.

Kayan kaka

Ƴar'uwa, ke kin fi mu sanin ɗakin nan. A ƙofa ga randa, da moɗa bisa faifai. Ga tulu. Ga turmi da taɓarya. A ciki ga ƙwarya, ga masaki, ga ƙoƙo, ga ludayi, ga mara ta kwasar tuwo. Ga akushin maigida, baƙi wuluk don tsufa. Ga tabarmar kaba, wadda ƙasar Madawa ta yi suna da saƙarta.

Dubi tulu. Cikinsa faɗi, wuyansa tsuke. Faɗin ciki don ya ɗauki ruwa da yawa. Tsukin wuya don kada ruwa ya fantsama in ana tafiya. Gindinsa zagaye, don ya zauna daram bisa gammo. Dubi randa. Yumɓunta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska tana busar da shi, busarwar tana janye zafi. Shi ya sa ko cikin watan bazara, sa'ad da ƙasa ke ƙuna, ruwan randa yana da sanyi. Maginiyar da ta gina ta ba ta shiga makaranta ba, amma ta san ƙasar da za ta ɗebo, da yawan abin da za ta gauraya, da irin wutar da za ta gasa.

Ƙwarya kuwa gona ke ba da ita. Ba ta da nauyi, ba ta sa wa nono ɗanɗanon ƙarfe. In ta tsage ba a yar da ita. Akwai mai sana'ar ɗinke ta, sunansa gyartai. Yana yawo gida gida da basillarsa. Ku tambayi yaran yau ko sun san wannan kalma. Da wuya.

Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Tulu yana da nauyi tun kafin a zuba masa ruwa. In yarinya ta yi tuntuɓe a hanyar rijiya, ta rasa tulu, ta rasa ruwa, ta kuma sha faɗa. Ƙwarya tana fashewa, gara tana cin ta. Hausawa da kansu suka ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe.

Zuwan kwano

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga nan kantunan Nasara suka yawaita. A wajen Ingilishi akwai John Holt da UAC, a wajen Faransa akwai CFAO da SCOA. Suna sayen gyaɗa da fata da ƙiraga, suna sayar da yadi da gishiri da sukari da kwano. Bangi bakin iyaka take. Abin da ya sauka kasuwannin kudu ba ya daɗewa sai ya hau jaki ko raƙumi ya ƙetaro.

Mene ne kwano? Fallen ƙarfe ne mara kauri. Inji ke danna shi cikin mazubi, ya fito da siffarsa nan take. Sai a shafe shi da garin gilas da aka dama, a sa shi a wuta mai zafin awo 800 ko kusa da haka. Gilas ya narke, ya manne wa ƙarfe. Shi ne wannan santsi mai ƙyalli. Shi ke hana tsatsa. Shi ya sa kuma in kwano ya faɗi sai ya ɓantare, baƙin ƙarfe ya bayyana, tsatsa ta kama daga nan.

Da fari daga Turai ake kawo shi, masu hali kaɗai ke saye. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, kuɗin gyaɗa ya shiga hannun talakawa. A shekarun 1950 masu masana'antu na Hankon, can gefen ƙasar Sin, suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma da kwano mai araha. Da aka ɗaga kuɗin fito, sai suka ga gara su zo su ƙera shi a nan. A 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Ikeja ta Ikko. Daga baya aka kafa irinsa a Kano. Tun daga nan langa da fanteka da kwalla da daro suka shiga kowane ƙauye.

Yanzu mu ɗan bar Bangi, mu leƙa Jamus, domin a daidai wannan zamani wani abu yana faruwa can wanda ya shafi labarinmu.

Makarantar Bauhaus

Sa'ad da injuna suka fara ƙera kaya a Turai, sai suka riƙa kwaikwayon aikin hannu na gidan sarakuna. A yi buta, a lafta mata furanni da ganyaye da kan zaki. Ado ya yi yawa, wankewa ta yi wuya, aiki kuma ba inganci.

A 1919, a garin Waima, wani mai tsara gine-gine, Walter Gropius, ya buɗe makaranta mai suna Bauhaus, wato gidan gini. Ya tara masu zane da masassaƙa da maƙera da masaƙa da magina tukwane wuri guda. Ra'ayinsu shi ne: a fara tambayar aikin da abu zai yi, sa'an nan a ba shi siffa. A cire duk abin da ba ya aiki. Kada a ɓoye ƙarfe a ce itace ne. A yi abu yadda inji zai iya yin dubunsa, har talaka ya iya saye. A wurinsu kyan abu yana cikin fasalinsa, ba cikin abin da aka liƙa masa ba.

Wata mace a cikinsu, Marianne Brandt, ta shiga maƙerar makarantar, inda maza suka cika. A 1924 ta ƙera wata ƴar butar shayi. Cikinta rabin ƙwallo ne, kamar an raba duma biyu, samanta a shafe, da ɗan baki da mariƙi na baƙin itace. Ba fure, ba zane. Wani kuma, Marcel Breuer, ya tsaya yana kallon kan kekensa. Ya ce, in bututun ƙarfe zai lanƙwasu haka, ya ɗauki nauyin mutum, me zai hana a yi kujera da shi? A 1925 ya yi ta: bututun ƙarfe, da ƙyalle mai ƙarfi a miƙe wurin zama da wurin jingina. In ka dubi kujerar ƙarfe mai igiyar roba da masu walda ke yi a Madawa da Tawa, za ka ga tunaninsu ya zo ɗaya.

Makarantar ta koma garin Desau a 1925. A 1933 mutanen Hitila suka matsa mata har ta rufe. Shekara 14 kawai ta yi. Malamanta suka watsu, da yawa suka tafi Amurka, ra'ayin ya bazu duniya.

Ga abin dariya. Butar nan da aka yi don talakawa ba ta taɓa isa hannun talaka ba. Da hannu aka ƙera ƴan kaɗan. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya, aka saye ta dalar Amurka 361,000. Ku lura, dalar Amurka na ce, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Wanda ya saye ta ba zai dafa shayi a ciki ba.

Jere

Mu komo gida. Da malaman Bauhaus sun shiga ɗakin amarya a Bangi ko Buza ko Kaita a shekarun 1970, da sun riƙe baki. Siffar kwano ta yi daidai da koyarwarsu: sumul, inji ya yi shi, ƙarami yana shiga cikin babba don a yi lodi da sauƙi. Amma jikinsa ja da shuɗi da rawaya, furanni ko'ina. Kuma yawancinsa ba a cin abinci a ciki. An jera shi ne daga ƙasa har rufin ɗaki, babba a ƙasa, ƙarami a sama.

Ni ban ce matanmu sun yi kuskure ba. Jere ya girmi kwano. Da ƙwarya ake yin sa tun da, kuma har yanzu in ka je rugar Fulani za ka ga ƙoren da aka yi wa zane, an jera su, ba a taɓa su sai ranar biki. Mata sun ɗauki sabon abu suka sa shi a tsohon gurbi. Kuma jere yana da aikinsa. Dukiyar mace ce, tata ta kanta. Miji ba shi da iko da ita. A yunwar 1973 da ta 1984, mata da yawa sun sauke kwanukansu ɗaya bayan ɗaya, suka sayar, suka auno hatsi. Wanda ya ce jere ado ne kawai bai ga wannan ba.

Inda nake da magana shi ne wurin gasa. Ƙwarya a gona take, uwa tana iya tara wa ɗiyarta ba da bashi ba. Kwano sai da kuɗi. Da aka saba da kwano sai aka ce tangaran. Daga tangaran sai samira, sai kula mai riƙe zafi, kowace shekara da sabon yayi. Na san gidan da aka sayar da akuya uku da buhun albasa don kayan da har aka yi goyo biyu ba a buɗe murfinsu ba. Da aka matsu aka kai su kasuwa, yayinsu ya wuce, ko rabin kuɗin ba a samu ba. Uwar amarya, in za ki tara, ki tara abin da zai riƙe darajarsa.

Tukunyar da muka ƙera da kanmu

A ganina, abin da ya fi cika sharaɗin sabuwar ƙira a gidajenmu ba daga Turai ya zo ba. Tukunyar alminiyon ce, wadda wasu ke kira tukunyar dalma.

Alminiyon da can tsadarsa kamar ta azurfa. A 1886 samari biyu, Paul Héroult a Faransa da Charles Hall a Amurka, kowa a garinsu, suka gano yadda za a fitar da shi da wutar lantarki. Ya yi araha. Aka yi jiragen sama da shi, da kayan mota. Bayan yaƙin 1945 tarkacensa ya yi yawa. Masu sana'a a Senegal suka fara narka shi suna zuba tukwane. Almajiransu suka bazu da sana'ar gari gari, har ta iso ƙasar Hausa.

Ka taɓa tsayawa wurin masu zubi? Tsaya wata rana. Suna da akwatin katako mai rabi biyu. Su sa tukunya ta gwaji a ciki, su danƙara yashi mai laima ciki da waje. Su buɗe a hankali, su cire ta gwajin, su mayar da akwati. Gurbinta ya rage a cikin yashi. Can gefe yaro yana juya ƙafar keke, tana hura gawayi. Alminiyon yana narkewa a awo 660, baƙin ƙarfe kuwa sai ya haura 1,500. Shi ya sa gawayi ya isa. Su zuba narkakken ta wata huda, a jima kaɗan, a fasa yashi, ga tukunya. Sai goge baki da magagari.

Yanzu dubi siffarta. Tukunyar Nasara gindinta a shafe yake, don murhunsu a shafe yake. Tamu gindinta zagaye, kamar na tukunyar ƙasa. Dalili? Don ta zauna bisa duwatsu uku, wuta ta lashe ta ko'ina, muciya kuma ta zagaya ba tare da gari ya maƙale a lungu ba. Kunnuwa biyu don a sauke ta. Lamba a jiki don mai saye ya san girmanta. Ba abin da za ka cire, ba abin da za ka ƙara. In ta huje, a mayar wa mai zubi, a cika kuɗi kaɗan, ta koma sabuwa.

Sai dai akwai gargaɗi. Dalma ta ainihi wani ƙarfe ne dabam, mai nauyi, kuma guba ce. Ita ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, can wurin haƙar zinariya. Wasu tarkacen inji suna ɗauke da ita. Mai zubi, ka zaɓi abin da kake narkawa, kada ka haɗa da kayan batir ko abin da ba ka san asalinsa ba. Uwargida, sabuwar tukunya ki tafasa ruwa a ciki ki zubar kafin ki yi girki. Abu mai tsami, kamar kunun tsamiya ko miyar yakuwa, kada ya kwana a cikinta, don tsami yana cin ƙarfe. Ki juye a wani mazubi.

Lambar nan ta jikin tukunya ta yi wani amfani daga baya. Bayan farin 1984, hankalin ƙasa ya koma kan itace. A shekarar aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, a shekarar kuma aka fara aikin raya ƙasar Kaita tare da Italiya. A cikin waɗannan shekaru aka fito da murhun ƙarfe da aka sa wa suna Mai Sauƙi. Fallen ƙarfe ne aka naɗe, da ƙofa ɗaya ta sa itace. Asirinsa yana cikin awo. Kowane murhu da lambar tukunyarsa. Tukunya tana nutsewa ciki, ratar da ke tsakaninta da bango ƴar kaɗan ce, zafi ba ya tserewa, iska ba ta kwashe wuta. In ka ɗora ƙaramar tukunya bisa babban murhu, ka ɓata dabarar, itacen zai ci kamar da.

Zamanin roba

Roba ba sai na daɗe a kanta ba, kowa yana ganinta. Ana narka ta, inji ya tura ta cikin mazubi, ta daskare. Farar kujerar nan ta gidan biki, wani Bafaranshe, Henry Massonnet, ya fito da irinta a 1972. Gaba ɗayanta abu guda ce, ba ƙusa, ba ɗinki, kuma ba ta cika minti biyu a inji. Ana ɗora ashirin bisa juna. Ta yi wa masu haya rana. Masu saƙar tabarma kuwa, ita da tabarmar leda sun rage musu ciniki. In ƙafarta ta karye, gyaranta ba ya daɗewa.

Bido ya fi ta labari. Asalinsa na ƙarfe ne, Jamusawa suka ƙera shi a 1937 don man motocin soja, mai cin lita 20. Suka yi masa mariƙi uku a jere. Mutum ɗaya ya kama na tsakiya. Mutum biyu kowa ya kama na gefe. Suka danna masa alama kamar gicciye a jiki, don fallen ya yi ƙarfi. Suka yi shi mai kusurwa huɗu don a jera shi ba rata. Sojan Ingila suna kiran Jamusawa Jeri, daga nan sunan jarka ya fito, wanda ake faɗa a Najeriya. Namu bido daga Faransanci ne. Ruwan ɗorawar nan na roba da ke kowane gida jikansa ne. Yawanci da man girki ya zo, aka wanke shi ya koma na ruwa. Wanda aka taɓa zuba wa fetur ko maganin ƙwari, kada a sa masa ruwan sha ko an wanke.

Bido ya canja aikin ɗiban ruwa. Tulu ɗaya ake ɗauka, a ka, kuma aikin mata ne. Bido ana jera goma a amalanken jaki, yaro namiji ya kora. Ba ya fashewa, yana da murfi, ƙura ba ta shiga. Amma bakinsa ƙarami ne, hannu ba ya shiga a wanke cikinsa, sai a sa tsakuwa da sabulu a girgiza. Kuma in ya sha rana ruwansa kamar na wanka. Shi ya sa a gidaje da yawa na Bangi za ka ga bido ya kawo ruwa daga rijiya ko famfo, amma a randa ake juye na sha.

Ga aikin wannan mako. Ɗauki bik da kaye. Shiga ɗaki, ka rubuta sunan kaya biyar da ka gani. Gaban kowane ka rubuta da me aka yi shi, da inda aka yi shi, da wanda ke gyara shi in ya lalace. In ba ka san na da ba, tambayi tsohuwar gidan abin da ake aiki da shi kafin wannan ya zo, ka rubuta sunansa yadda ta faɗa. Ku kawo takardunku aji, malami zai duba.